Sai Mashkura Ta Sauka

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Yanzu munka dawo daga Sakkwato. Ɗana Bashir ya aje ni bakin ƙofa ya juya Rabah, ko ruwa bai sha ba.

Wanga littafi ragowar waɗanda nike rubuta haihuwa ne a ciki. Shekara talatin da ɗaya ina ungozoma a asibitin Wurno, hannuna ya saba da rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru. Yau ni ce majinyaciyar, to bari in rubuta kaina.

Likita Iliyasu ya daɗe yana kallon takardar awon jinina. Kitsen jini, wanda suke ce ma kolestarol, mugun daga ciki ya kai huɗu da ɗigo tara. Yac ce mai irin aikin da anka yi mani bai kamata nata ya kai biyu ba. Sannan ya ɗauko biro ya zana mani zuciya a bayan takarda, sai ka ce ban taɓa ganin ta ba. Shekara shida ke nan da anka tsaga ƙirjina anka yi ma jini sabbin hanyoyi uku, guda da jijiyar cikin ƙirji, biyu da jijiyar da anka zare daga ƙafata ta hagu. Yac ce ta ƙirji tana daɗewa, amma jijiyar ƙafa ba don wanga aiki anka halicce ta ba. In kitse ya yi yawa ita ke fara cushewa, kamar magudanar gida da damina.

Ya tambaye ni ko ina shan ƙwayar kitse kullum. Bashir na zaune. Na amsa mashi abin da na amsa.

Ya tambaya ko ƙirjina na yin nauyi. Nic ce nauyin shekaru.

So yake a tahi Abuja cikin sati biyu, a zura siririyar roba ta jijiyar hannu a haska hanyoyin. Nic ce mashi sai Mashkura ta sauka. Autata ce, tana aure Goronyo, cikinta ya shiga wata tara.

"Hajiya, zuciya ba ta san watan haihuwa ba," yac ce.

"Ni na san shi. Sati uku ne, in ya yi nisa huɗu."

Talata, 12 ga Agusta, hantsi

Lafiyata lau. Na share tsakar gida da kaina.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan azahar

Kyauta ta zo da ƙwaryar nono. Shekara ashirin tana kawo mani, tun suna rugarsu ta wajen Maikujera, kafin 'yan bindiga su taso su su dawo gefen garin ga da 'yan shanun da sunka rage. Ni na karɓi haihuwar ɗiyanta huɗu. Kullum akwai curin man shanu a tsakiyar ƙwaryar. Yau babu.

Na tambaye ta ina mai. Ta yi ta gyaran faifai. Daga baya tac ce Bashir ya biyo ta rugar jiya da motarshi, ya roƙe ta don Allah kada ta ƙara kawo mani.

Har ruga. Yaron da na yi ma kaciya da kuɗin adashena, shi ne ke zagayawa bayan idona yana kashe mani miya. Nic ce ma Kyauta ta koma ta ɗauko. Ta koma, ta kawo. Na yi tuwon gero da miyar kuka, na narka shi a kai har yana sheƙi, na ci ina kallon ƙofa ko zai shigo.

Bai shigo ba. Tuwon kuma bai yi daɗin da nike tsammani ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Abin ya zo ina ɗauke da bokiti daga rijiya zuwa madafi. Taku ashirin ne. Kamar an ɗora mani dutsen niƙa a ƙirji, ya gangaro hannun hagu. Na zauna bisa turmi, na sa ƙwayar ciwon ƙirji ƙarƙashin harshe. Minti huɗu ya tahi.

Wannan shi ne na biyar tun bayan babbar salla. Likita bai san da ko guda ba.

Ina zaune na ɗaga zane na dubi ƙafar. Tabon na nan tun daga idon sawu har gwiwa, ya yi fari. Jijiyar ga ta kai ni Rara da ƙafa, ta kai ni ƙauyukan fadama cikin taɓo in an zo kirana. Ba raguwa ba ce. Ban yarda sati uku ya fi ƙarfinta ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan magariba

Bashir ya zo da dogon bayani. Sun yi shawara ta waya, shi da yayarshi ta Kaduna, sun yanke cewa in tattara in koma gidanshi Rabah, Laraba mu wuce Abuja. Sun yanke. Ina raye, ina jin kiran salla, anka zauna anka raba ni kamar gado.

Yac ce Goronyo akwai asibiti, akwai ungozomomi. Nic ce bara waccan ma akwai su.

Ya san abin da nike nuhi. Bara waccan Mashkura ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, tsofaffin gidan mijinta suna cewa a ƙara haƙuri, haihuwar fari ce. Ni ina Sakkwato ranar, ina bin layin awon zuciya. Namiji ne. Ba a yi suna ba. Da na iso ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe gefen mayafina tac ce, "Inna, ina kika tahi?"

Iyakar abin da za ni rubuta a kai ke nan.

Nic ce ma Bashir ko a makara ne sai an kai ni Goronyo. Na kuma ja mashi kunne kada wanda ya faɗa ma yarinyar ga komi game da awon jinina.

Lahadi, 17 ga Agusta, da safe

Lafiyata lau.

Talata, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bashir ya zo neman tsohon katina na asibiti, wai likita na son lambar. Ina salla ya shiga ɗaki. Da na sallame na ishe shi zaune bakin gado, ya sauke babbar kwallata ta saman kabad, ya jera kwalayen ƙwayar kitse bisa tabarma. Goma sha huɗu. Ko guda ba a ɓare ba. Shi ke kawo mani su kowane ƙarshen wata, in amsa in sa mashi albarka.

Na ɗauka zai yi faɗa, na ma shirya abin da za ni maida mashi. Sai ya ɗago kai, idonshi ya yi ja.

"Inna, mi munka yi maki?"

Nic ce ya maida mani kayana inda ya gan su, kuma ɗakin uwa ba ofis ba ne da za a shigo bincike. Ya maida su ɗaya bayan ɗaya, ya rufe kwallar, ya ɗora ta inda take. Ya yi mani sallama ya hita.

Da faɗan ya yi da ya fi mani sauƙi.

Laraba, 20 ga Agusta

Ban yi magana da kowa ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, hantsi

To, tunda littafi ba shi da baki.

Ƙwayar tana sa mani ciwon cinya da sharaɓa. Da safe sai in dafa bango kafin in miƙe. Ranar sunan ɗiyar maƙwabta na kasa tashi daga tabarma sai da mata biyu sunka kama ni, ni da ke ɗaga mai naƙuda ni kaɗai. Na dawo gida nic ce bari in huta mata sati guda in gani. Ciwon ya tahi. Sati ya zama wata. Ƙirjina shiru, ina zuwa kasuwa, ina zuwa biki. Nic ce ai an gyara, mi ya rage? Asfirin da ta hawan jini ban taɓa fasawa ba, su nike nuna ma kaina in zuciyata ta tuhume ni.

Mata nawa na yi ma faɗa don sun bar maganin ƙarin jini da sunka ji sauƙi? Har da wadda na sa kuka.

Na kira Likita Iliyasu da kaina na faɗa mashi duka, har da zuwan abin sau biyar. Bai ce ai ga shi nan ba. Yac ce da na yi magana tun farko da an sake mani wata iri ko an rage ƙarfinta, ba a kan bar ta gaba ɗaya ba. Yac ce kitsen ba shi ciwo, shi ya sa yake cin mutum. Zai ba Bashir wata in gwada. Ya sake maganar Abuja, da ƙarfi wanga karo. Na sake maganar Mashkura.

Kafin sabuwar ta zo na ɓare kwali guda na tsohuwar. Ba don Bashir ba. Don ina da aiki a Goronyo.

Asabar, 23 ga Agusta, Goronyo, bayan azahar

Na taho ban faɗa ma kowa ba sai Kyauta, ita na bar ma makulli da kaji. Motar haya, mu bakwai da buhunan tafarnuwa. Direba bai tashi ba sai da rana ta ɗaga, kuma duk motar da munka gamu da ita sai ya tsaya ya tambayi labarin hanya. Lafiya lau munka iso. An saki ruwan dam, gulbi ya cika ya haye gonakin shinkafa na bakin gaɓa.

Mashkura ta ganni ta zauna ƙasa tana dariya tana hawaye. Na kwantar da ita na duba. Kai ya juyo ƙasa, bugun zuciyar ɗan ya yi daidai, jininta bai hau ba, ƙafa ba kumburi. Hannuna bai manta ba.

Na kira mijinta Zaharaddeen gefe. Yaro ne mai ladabi, albasa yake fatauci. Nic ce mashi ciwon farko, ko da na ƙarya ne, asibiti za mu, kuma duk tsohuwar da ke da magana ta zo ta same ni. Yac ce ya riga ya faɗa ma gidansu haka tun cikin na wata uku. Ya ƙaru a idona.

Babbar ungozomar asibitin nan Zubaida ce. A hannuna ta koyi yanke cibi, yanzu ita ma ta yi furfura.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Bashir ya kira sau shida jiya. Na bar wayar tana kuka cikin jaka.

Kowace safiya ina hita da Mashkura mu taka zuwa bakin masallacin unguwa mu dawo, don kan ɗan ya sauka. Tana tsayawa ta huta, ni ma in tsaya. Ta ɗauka don ita nike tsayawa.

Jiya ta soya mani ƙwai da man gyaɗa. Nic ce ta ba mijinta, a dafa mani wake da zogale, in akwai kifin dam a gasa. Ta dube ni tac ce yaushe Inna ta fara gudun maiƙo. Nic ce tsufa.

Laraba, 27 ga Agusta

Cinya ta fara. Na sha ƙwayar duk da haka.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Abin ya zo ina zaune. Ba bokiti, ba tahiya, ina tsince shinkafa a faifai. Minti tara, ƙwaya biyu.

Na san mi wannan ke nuhi. Ba sai an zana mani a bayan takarda ba.

Mashkura na barci. Na kwashe shinkafar da ta zube kafin ta tashi.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan magariba

Bashir ya zo bayan an sauko masallaci. Ya gaida ƙanwarshi, ya ci abinci, ya yi wasa da Zaharaddeen, sannan ya nemi in raka shi zaure. Ya miƙo mani sabon maganin. Bai tada maganar kwalla ba, bai tada maganar waya ba.

Ya tambaya ko abin ya sake zuwa. Ban san mi ya sa ba, na faɗa mashi na jiya. Ya daɗe yana murza hularshi.

"Inna, ban zo in ce maki ki tahi ba, na gaji da wannan. Tambaya guda gare ni. In kika faɗi cikin ɗakin haihuwa, ke ƙasa, ita bisa gado, wa Zubaida za ta fara kamawa?"

Shekara talatin da ɗaya ina korar dangin mai naƙuda daga ɗaki don kada su zame mani aiki na biyu.

Ga abin da munka tsaida. Zubaida ce za ta karɓi haihuwar, ni kujera za a aje mani wajen kan gado, ba ni taɓa komi. Shi ya ɗauki hutu, zai zauna nan gidan abokinshi da mota cike da mai. Ana yanke cibi in shiga mota, ba jiran suna. In kuma abin ya sake zuwa ina zaune kafin ta haihu, mu tahi a ranar.

Wannan na ƙarshe ban amsa da baki ba. Ya ɗauka na amsa.

Lahadi, 31 ga Agusta, hantsi

Ruwa tun asuba. Shiru daga wajenta, shiru daga wajena.

Litinin, 1 ga Satumba, da yamma

Mashkura ta share ɗakinta sau biyu, ta wanke kayan jariri da ke wanke. Gobe ne ko jibi. Ya Allah, ka ga dai inda na kawo.

Laraba, 3 ga Satumba, asibitin Sakkwato, hantsi

Jiya ne. Bari in rubuta shi a jere kamar yadda na saba.

Ciwo ya fara bayan sallar asuba. Ƙarfe bakwai muna asibiti. Zubaida ta sa anka kawo mani kujerar roba, tac ce, "Malama, yau kallo za ki yi," nic ce to mu ga abin da na koya maki. Na zauna wajen kan Mashkura, ta riƙe hannuna. Duk sanda ciwo ya taso sai ta ɗago ido ta tabbata ina nan.

Faya ta fashe sha ɗaya da rabi, ruwan da ɗan kore. Ni da Zubaida munka dubi juna. Ƙarfe ɗaya da minti goma kai ya hito, cibiya zagaye da wuya, ta zare ta da yatsa yadda ya kamata. Mace.

Ba ta yi kuka ba. Ta zo a sake, jiki ya yi shuɗi-shuɗi, hannuwa na reto. A daidai nan kuma jini ya ɓalle ma uwar. Zubaida ta yanke cibi ta aje jaririyar bisa tebur, hannunta guda na murza marar Mashkura, tana ƙwala ma abokiyar aikinta kira ta kawo allura da ruwa. Hannu biyu gare ta.

Mashkura ta juyo kai tac ce, "Inna, ban ji shi ba."

Ban san sanda na tashi ba. Na goge yarinyar da tawul da ƙarfi, na murza bayanta. Shiru. Na gyara mata wuya, na ɗora robar busa iska a hanci da baki, na fara matsawa ina ƙirgawa. Ƙirjinta na ɗagawa, to iska na shiga. Na taɓa gindin cibiya, akwai bugu, a hankali. Na ci gaba. Nawa ƙirjin ya fara tun ina kan na ashirin, na ji shi sarai, nic ce mashi ya jira layi. Wajen minti biyu sai ta yi wani ɗan tari kamar 'yar kyanwa, ta ja ƙafa. Sannan ta buɗe baki.

Na karɓi haihuwa ta fi dubu uku. Ban taɓa jin mai daɗin wannan ba.

Jinin ya tsaya. Na ɗora ta bisa ƙirjin uwarta, na koma kujerata na sa ƙwaya ƙarƙashin harshe. Mashkura na kallona. Ta ga zufar, ta ga inda na dafe. Nan na faɗa mata komi a taƙaice, jijiyar, kitsen, kwalayen. Ta rufe ido, hawaye na bin kunnenta, tac ce in tashi in tahi yanzu-yanzu, in ba haka ba ba ta ba yarinyar nono.

Gidanmu kowa da taurin kainai.

Bashir bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar asibitin nan. Sun sa mani allurai, sun ce zuciyar ba ta kai ga mutuwar tsoka ba, amma ta leƙa. Gobe jirgi.

Juma'a, 5 ga Satumba, Abuja, da safe

Sun hana ni abinci. Wata 'yar nas ta zo tana mani bayanin yadda ake sa allurar ruwa. Na bar ta ta gama, sannan na nuna mata jijiyar da ta fi kyau.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan azahar

An yi. Ido biyu nike, ina kallon hanyoyin zuciyata a allo kamar saiwar gero.

Ta ƙirji a buɗe take tas. Cikin biyun ƙafa, guda ta toshe gaba ɗaya, likitar da ta yi aikin tac ce ta daɗe da rufewa, ba abin da za a yi mata. Ɗayar saura ƙiris, jini na bi ta wata 'yar kafa kamar zare. Nan sunka sa ɗan bututun waya sunka buɗe ta. Na ji sanda jinin ya wuce, ko kuwa raina ne ya ji.

Na tambaye ta kai tsaye, da ban bar ƙwayar ba, da wadda ta toshe tana nan? Tac ce ba ta iya rantsuwa, jijiyar ƙafa takan gaji ko da magani, amma da wuya ta yi saurin haka. Na gode mata da ba ta lallashe ni ba. Guda na kashe da hannuna. Guda ta rage, kuma ba ni ba da ita.

Sannan ta zauna ta tambayi danginmu. Nic ce babanmu ya faɗi a gona yana ɗan hamsin, anka ce iska ce. Ƙanena Isma'ila ya rasu bisa babur a hanyar Rara, bai kai hamsin ba, anka ce hawan jini. Tac ce irin wanga kitse wani lokaci gadonshi ake yi, ba man shanu kaɗai ke kawo shi ba, siriri ma na iya samun shi. Tac ce duk wanda na haifa ya je a auna shi. Bashir na tsaye yana gyaɗa kai yana rubutawa a wayarshi.

Magani ya zama biyar. Na kitse guda biyu ne yanzu.

Talata, 9 ga Satumba, hantsi

Yau suna. Zaharaddeen ya kira, ina jin hayaniyar mata a bayanshi. Sun sa mata sunana, Hawwa, za a riƙa kiranta Raihana.

Na yi godiya. Amma nic ce mashi in sun sa ne don suna ganin gurbi zai buɗe, su gaya ma takwarata ta nemi wajen zama, mai wurin ba ta tashi ba.

Na yi kuka kaɗan bayan na kashe wayar. Iskar na'urar sanyin ɗakin ga ce ke sa ido ruwa.

Lahadi, 14 ga Satumba, Wurno, bayan la'asar

Gida. Kaza guda ta yi kwanci, gero ya fara hitar da kai a gonar bayan gari.

Kyauta ta zo da ƙwarya, tsala ce zalla, an kwashe man. Ta aje tana kallon ƙasa, tana jiran in kore ta ta koma ta ɗauko. Na dama fura da ita na sha. Tsami kamar bakin kishiyar wata, amma ta wuce.

Na taka daga ƙofa zuwa bakin kasuwa na dawo, minti ashirin, ban tsaya ba. Cinya shiru da sabon maganin. Mutane na ta yi mani sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi ma wanda anka gama da shi. Na amsa ma kowa da ƙarfi.

Alhamis, 18 ga Satumba, da safe

Ta Kaduna ta auna, nata lafiya. Mashkura sai ta yi arba'in. Bashir yac ce bai samu lokaci ba tukuna.

Asabar, 20 ga Satumba, Rabah, bayan magariba

Jiya Adawiyya matar Bashir ta kira ni tana magana a ɓoye. Ashe ya auna tun muna Abuja. Biyar da ɗigo huɗu. Ya fi nawa. Likita ta rubuta mashi magani, ya saya, ya jefa aljihun mota. In ta yi magana sai ya ce shi lafiyarshi lau, shekararshi arba'in da biyu, yana buga ƙwallo ranar Lahadi, ba inda ke mashi ciwo.

Da hantsi na shiga mota. Bashir ya dawo daga ɗaurin aure ya ishe ni zaune tsakar gidanshi, jakata a gefe. Ya fara tambayar lafiya, mi ya faru, ko abin ne ya dawo. Nic ce ya ba ni makullin mota. Na ba Adawiyya ta ɗauko kwalin. Ba a ɓare ba.

Ya fara bayani. Na bar shi ya yi, don na san kowace kalma, har na san wadda za ta biyo. Da ya gama na matsa kusa da shi.

"Kakanka bai san sunan abin da ya kashe shi ba. Kawunka Isma'ila bai sani ba. Ni na sani na yi wasa, jijiya guda ta tahi. Kai ba ka da ko uzurin jahilci, kai ka kai ni asibiti. Na binne uba, na binne ƙane, na binne jika. Ba ni binne ka, Bashir. Kai za ka binne ni, kuma ba bana ba."

Adawiyya ta kawo ruwa a kofi. Ya ɓare, ya jefa a baki, ya kora. Ya miƙe zai tahi masallaci.

Nic ce ya dawo ya buɗe bakinshi.

Ya dubi matarshi, ya dubi ɗiyanshi da sunka leƙo daga ɗaki. Da furfura a gemunshi ya durƙusa gabana ya buɗe, ya ɗaga harshe. Ba komi.

Nic ce ya tahi kada ya rasa jam'i, gobe war haka ina nan.